Darakta da Agwaginsa

Darakta bai taɓa zama daraktan komai ba. Sunan ya samo asali ne daga wani kati da ya buga wa kansa lokacin da kamfanin jigilar kaya da yake wa aiki ya rage ma'aikata, guguwar ta haɗa da shi. A kamfanin, aikinsa buga hatimi ne a kan takardun direbobi. Amma da ya dawo gida da takardar sallama sai ya wuce wurin masu buga kati, ya sa aka rubuta sunansa da ruwan zinare, a ƙasa aka ƙara da "Darakta". Ya raba wa maƙwabta, ya ba mai aski, ya ba mai gyaran famfo. Kati ya ƙare, suna ya zauna. Shi kuma bai taɓa jin zolayar da ke ciki ba, in an kira shi da sunan sai ya gyara wuyan riga kafin ya amsa.

Daga barin aiki zuwa yau babu sana'ar da bai leƙa ba. Ya yi kiwon kifi a manyan robobi a bayan gida, kifin suka mutu suka taso saman ruwa tun ba su kai girman yatsa ba. Ya saro rigunan waya buhu guda, ashe na wayoyin da aka daina yi ne. Ya buɗe wurin wankin mota a layin da motar da ke cikinsa ɗaya ce, ita ma a kan duwatsu take. Duk wadda ta rushe, bayaninsa ɗaya ne: mutane ba su waye ba tukuna. Ba malalaci ba ne, a ba shi haƙƙinsa. Yana tashi da wuri, yana goge takalmi, yana da ra'ayi a kan komai. Hannunsa ne kawai in ya taɓa kasuwa sai ta kwanta.

Matarsa ce ke riƙe da gidan, kuma kowa ya sani banda shi. Ta fara ne da tura wa ƙawayenta hotunan zanen gado a waya. Daga nan aka fara tambayarta tawul, da rigar filo, da labule. Abu ya yi ta gaba har ta buɗe shago a intanet, ɗakin baƙi ya koma sito, aka kafa kantoci har kusa da rufi, masu babur suka san ƙofar gidan. Ita ke sari, ita ke amsa kwastoma, ita ke ninke kaya ta sa a leda. Darakta yana kiran abin "kamfaninmu", ita kuma tana ƙyale shi, don kalma ba ta rage mata komai. Aikinsa ɗaukar hoto da manna takardar adireshi a kwali, kuma wani lokaci in ta rasa yadda za ta yi, takan aike shi wurin dilan da take sari a hannunsa da abin da zai karɓo a rubuce.

A irin wannan aike ne agwagi suka shigo gidan. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta tura shi ya saro zannuwan gado. Ya dawo da rabin abin da ta ce, da kuma tulin kwalaye a bayan motar haya. Fitilun tebur ne na roba, rawaya shar, masu siffar agwagwa. In ka danna kan agwagwar sai cikinta ya kawo haske, ta kuma yi kuka sau ɗaya. Dila ya rantse masa cewa a ƙasashen da suka ci gaba babu ɗakin yaron da ba ta ciki.

Matar ta taso daga kwance, ta danna kan guda ɗaya, ta saurari kukan, ta ajiye.

"Baban yara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ba zan yi faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Amma in waɗannan suka yi kwantai, ka cire hannunka daga sari har abada. Ka ɗauki hotonka, ka manna takardarka, amma kai da ƙofar dila kun yi sallama."

A gaban yara ta faɗa, kuma shi ya fi yi masa ciwo. Zuwa wurin dila shi ne abu na ƙarshe da ya rage masa da ke kama da aikin babban mutum. A can ake ba shi kujera, a kawo masa lemo mai sanyi, a tambaye shi yadda yake ganin kasuwa. In aka ƙwace wannan, ya zama ɗan manna takarda a gidan matarsa.

Agwagi kuwa suka yi kwantai irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutane suna shiga shafin, su sayi tawul, su wuce agwagwa kamar ba su gan ta ba. Mace ɗaya ce ta saya, ta dawo da ita, ta ce ɗanta ya ƙi shiga ɗakin tun da abin ya yi masa kuka.

Sai Darakta ya tuna yana da yaya. Babbar yayarsa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse aure da aiki, tana zaune ita kaɗai a can wani gefen gari da ɗaki ɗaya da ba kowa. Ya je gaishe ta da ledar lemo, ya karɓi wayarta wai zai gyara mata haske, ya shiga shagon matarsa ya yi odar agwagwa biyu. Ya biya da kuɗin fanshonsa. Washegari shi da kansa ya manna adireshin a kwali, a gaban matarsa, yana 'yar waƙa.

Abin da aka fara da biyu ya zama sana'a. Ya ƙirƙiro kwastomomi iri-iri, maza da mata, duk da suna daban, amma ikon Allah duk a gida ɗaya suke karɓar kaya. Har yabo yake rubuta musu a ƙarƙashin hoton fitilar. Matsalar dai duk kwastomomin nan hannunsu ɗaya, kuma hannun tsohon mai hatimi ne: "An karɓi kaya cikin kyakkyawan yanayi." "Kaya sun iso ba tare da wata tangarɗa ba." Wata uwar 'ya'ya uku ma ta rufe nata yabon da "don sanarwa da ɗaukar mataki". Matarsa ba ta da lokacin karanta yabo, zagi kawai take bi don ta ba da haƙuri. Ta dai lura kantar agwagi na raguwa, ta taɓe baki ta ce mutane sai a bar su. Fanshon Darakta na fita daga aljihunsa yana faɗawa asusun matarsa, ita kuma tana sayen abincin da yake ci da shi. Bai taɓa ganin abin dariya a nan ba, shi a wajensa jari yake zubawa a mutuncinsa.

Ana cikin haka shagon ya fara fin ƙarfin kan mace ɗaya. Komai a ka take riƙe da shi, kai kuma yana da iyaka. Sai mutum ya biya kuɗin farin zanen gado, ta shiga sito ta tarar ya ƙare tun shekaranjiya, ta kama kira tana ba da haƙuri. Wata amarya da aka yi wa haka ta rubuta mata zagi mai tsawon da sai an danna "ci gaba" kafin a kai ƙarshensa. Ranar matar Darakta ta zauna a bakin gado ta yi hawaye. Wata ƙawarta mai sayar da takalma ta ce mata ai yanzu akwai manhaja, a haɗa ta da shagon, ita za ta riƙa lura da abin da ke fita, ta san lokacin da ya kamata a sake sari tun kaya bai ƙare ba.

"Kai ne ka yi aikin ofis," ta ce wa mijinta. "Ka duba mana wadda ta dace. Ni dai kada farin zanen gado ya sake ƙare mini ban sani ba."

Ta faɗa ne don ba ta da lokaci, wataƙila kuma don ya samu abin yi ya daina tsaya mata a ƙofar sito. Shi kuwa ya ɗauka naɗi ne. Ya ciro kwat ɗinsa ta zamanin aiki, wadda maɓallinta ya daina haɗuwa, ya sa tebur a tsakiyar falo, ya hana yara wucewa. Masu sayar da manhaja suka fara kiransa ta bidiyo ɗaya bayan ɗaya.

Na farko wani dattijo ne mai magana a hankali. Tasa manhajar ba ta da ado kuma ba ta da tsada. In kaya ya kusa ƙarewa sai ta tura saƙo wayar mai shagon, shi ke nan. Daidai abin da matar ta nema ke nan, ba ƙari ba ragi. Darakta ya tambaya wayar wa za a tura wa saƙon, aka ce ta wanda shagon ke da sunansa. Ya ce zai yi nazari, ya kashe.

Ta biyu wata mata ce mai tabarau da tambaya kamar alƙali. Dila yana ɗaukar tsawon wane lokaci kafin ya kawo kaya? Nawa ake dawowa da su? Wa ke sa hannu kafin a yi sari? Darakta yana amsawa yana gumi.

"Kafin mu haɗa komai," in ji ta, "sai mun tace tsohon cinikinku. Wani lokaci za ka ga oda tana ta maimaituwa zuwa adireshi ɗaya, irin wannan yana ruɗa lissafi. Sai mu ware su mu nuna muku, ku gaya mana ko na gaske ne."

Darakta ya ce layin ba shi da kyau, ba ya jin ta. Da yamma ya gaya wa matarsa cewa waccan ba ta da tarbiyya, kuma kamfani ba ya hulɗa da marasa tarbiyya.

Na uku saurayi ne mai kwat da ta fi tasa kyau, wanda tun gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Darakta." Daga nan ciniki ya faɗa, sauran duk cika sharaɗi ne. Ya nuna masa allo mai launi-launi, layuka na hawa suna sauka.

"Tamu ba ta tunatarwa, yallaɓai, aiki take yi. Tana ganin abin da ke tafiya, ta auna saurinsa, ta tura wa dilanku oda da kanta. Ba ta da dangi, ba ta da son rai, ba ta jin maganar kowa. Ciniki kawai ta sani."

"Tana nuna wanda ya fi kowane tafiya?"

"Har kofi take sa masa, yallaɓai. Ka ga nan? Ɗan kofin zinare, a gefen sunan kayan."

Darakta ya ƙura wa kofin ido. Ga shaida da ba ta da dangi, ba ta da son rai, wadda matarsa ba za ta ce ya saye ta da lemo ba. Saurayin ya ci gaba da bayani, ya ce akwai wani wuri da ake kunnawa don manhajar ta nemi izinin mai shago kafin ta tura oda, kuma shi a shawararsa a bar shi a kunne har a saba. Darakta ya ce a kashe, ai don a huta da neman izini ake sayen na'ura. Ya ji maganar tura oda da kunnensa, amma a ransa zanen gado ake nufi. Agwagi a lissafinsa sun kusa ƙarewa, daga su kuma wahalarsa ta ƙare. Mutum in yana kallon kofi ba ya jin sauran zance.

Don kada kofin ya kuɓuce, kafin ranar haɗa manhajar ya zage ya kwashe kusan duk agwagin da suka rage, har sai da ya sayar da agogon hannunsa. Sa'a kuma ta bi shi. Zanen gado kala-kala ne, manya da ƙanana, manhajar ta ƙirga kowane daban. Agwagwa kuwa iri ɗaya ce tal. Da aka kunna allo, ga ta nan a sama, rawaya, da kofinta.

Ya jira sai da aka zauna cin abincin rana, yara duk suna nan, sannan ya juyo da kwamfutar ya tura gaban matarsa. Ta duba, ta goge hannu, ta sake dubawa. Ta daɗe.

"To," ta ce.

Wannan "to" ɗin ya ɗauke shi kwanaki yana tafiya ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Har gidan yayarsa ya je don ya yi farin ciki a inda zai iya yin sa da ƙarfi. Ita kuwa ba ta cikin yanayin taya murna.

"Auta, ka zo ka kwashe tsiyarka," ta ce. "Kwali ya danne kwali, in na rufe ƙofa da ƙarfi sai su kama kuka gaba ɗaya. Jiya maƙwabciyata ta tambaye ni ko kiwo na fara. Ni ɗakina nake so."

"Yaya, an gama ai. Daga yau ba za a sake kawo ko ɗaya ba. Na ba ki alkawari."

Wata safiya yana shan shayi ya ji babbar mota na ja da baya a ƙofar gida. Ya leƙa ta taga. Ma'aikatan dila ne, sun buɗe bayan motar. A gaba-gaba ga ɗaurin zannuwan gado da tawul, daidai gwargwado, manhajar ta yi aikinta tsaf. Daga bayansu kuwa, har rufin motar, kwalaye ne da ya sani kamar tafin hannunsa. Wani lebura ya jefo ɗaya ƙasa, aka ji kuka daga ciki.

Manhajar ba ta yi kuskure ba. Ta ga kaya yana fita da gudu, gudun yana ƙaruwa, kantar agwagi ta kusa zama wayam, sai ta yi abin da aka saye ta don ta yi. Dila ma ya ga oda mai kauri ya yi ragi, ita kuma ta ga ragi ta ƙara. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Darakta ya zame ta ƙofar baya, ya laɓe tsakanin tankin ruwa da bango, ya kira saurayin mai kwat.

"A soke odar nan yanzu."

"An riga an biya daga asusun shagon, yallaɓai. Sai dai in akwai kuskure a bayanan cinikin. In akwai odar da ba ta gaske ba, ka gaya mini, mu binciko su duka, mu tura wa mai asusun cikakken rahoto da adireshi da komai. Da wannan rahoton za ta iya neman dila ya karɓi kayansa. Yau ma za a iya yi."

"Mai asusun."

"E, madam. In tura?"

Darakta ya tsaya da waya a kunne. Gaba kura, baya sayaki. Ya ce zai sake kira.

Da ya dawo cikin gida ya tarar da abin da bai shirya masa ba. Ya zaci zai iske ihu, ya ma fara haɗa borin kunyar da zai yi, yadda zai ɗora laifin a kan na'ura. Sai ya ga matarsa a sito tana sauke kayanta daga kantoci da hannunta, tawul da labule da rigunan filo, yara na kai su ɗakin kwana. Ta juyo, fuskarta ba fushi ko kaɗan.

"Wurin ba zai ɗauka duka ba," ta ce. "Na yi magana da dila, ya yarda su koma da zannuwan gadon, a musanya mana da sauran agwagin da ke wajensa. In abu na tafiya haka ba a yi masa rowar wuri."

Ta ajiye abin da ke hannunta, ta kira yaran suka tsaya.

"A gabansu na yi maka magana ranar, to a gabansu zan janye. Baban yara, shekara da shekaru ina maka kallon wanda ba shi da idon kasuwa. Ba a raina kawai na bar shi ba, har 'yan'uwana na gaya wa. Da ka kawo fitilun nan na yi maka dariya a wajen ƙawayena. Ga shi ka ga abin da ban gani ba. Na zalunce ka, ka yafe mini."

Da gaske take, babu gatse a ciki ko na ƙwayar zarra. Ta ciro makullin sito daga cikin makullanta ta miƙa masa, ta ce daga yau sari nasa ne, ita za ta tsaya a ninki da amsa waya.

Tun ranar da aka miƙa masa takardar sallama yake jiran wani ya gaya masa magana irin wannan, kuma daga bakin nan ya fi son jin ta. Ga ta ta zo, kuma ta yi masa daɗi, daɗin da ya sa idonsa ya cika. Daɗin nan ne ya gama da shi. Da zaginsa ta yi, da ya iya faɗin gaskiya cikin faɗa, a yi ta ta ƙare. Amma babbar 'yarsa na kallonsa da wani irin ido da bai taɓa gani ba, ƙaramin kuma ya riƙe masa hannu. Maganar tana bakinsa, gajera ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da ita zannuwan gado za su sauko daga mota, da ita gidan zai ci gaba da cin abinci.

"Ba komai, Maman yara," ya ce. "Ai ɗan Adam ajizi ne."

Leburori suka yi ta shigowa da kwalaye har sito ya cika, suka jera sauran a baranda. Direba ya kawo takarda, Darakta ya sa hannu, sa hannu mai kyau da lanƙwasa, irin na wanda ya san aikin takarda. Ya tsaya a ƙofa yana kallon motar ta juya da farin zanen gadon matarsa a ciki. Ya ɗaga hannu, shi kansa bai san ko tsayar da ita zai yi ba. Direban ya danna masa ham na ban kwana ya wuce.

Daga cikin gida matar ta ɗaga murya tana tambayarsa ko yana ganin na barandar za su tafi kafin ƙarshen mako, don kada rana ta ɓata su. Ya ce za su tafi.

Ya koma bayan tankin ruwa, ya lalubo lambar yayarsa. Ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

"Yaya, ina kwana," ya ce. "Wai falon nan naki, kina zama a cikinsa sosai kuwa?"